Sharhi Kan Tsarin Tara Maki da Rangwame na Manhajar Loyverse

Loyverse manhaja ce ta karɓar kuɗi da rubuta ciniki a shago, wadda ake saukewa a waya ko a kwamfutar hannu mai Android ko iOS. Ainihin manhajar kyauta ce, kamfanin yana karɓar kuɗi ne a kan wasu ƙarin ayyuka, kamar sashen kula da ma'aikata da babban sashen kula da kayan sito. Daga cikin abubuwan da take bayarwa ba tare da an biya ba akwai tsarin tara maki, inda abokin ciniki yake samun maki a duk sayayyar da ya yi, daga baya ya karɓi rangwame da makin da ya tara. Wannan sashe kaɗai zan duba a nan, domin shi ne wanda masu shago suka fi saurin kunnawa, kuma shi ne suka fi ƙarancin yi wa lissafi. A ganina, ga ƙaramin shago ko matsakaici, tsarin yana da tsabta kuma ba shi da rufa-rufa, ya kuma cancanci a gwada shi. Sai dai sauƙin kunna shi yana iya sa mai shago ya ɗauka cewa shawarar da ke bayansa ma mai sauƙi ce, alhali a nan ne riba take zurarewa ba tare da an lura ba.

Ba a cikin wayar da ke kan kanta, wato teburin karɓar kuɗi, ake yin saitin ba, ana yin sa ne a shafin gudanarwa da mai shago yake shiga ta intanet. A sashen saituna akwai wurin da aka ware wa tsarin riƙe abokan ciniki, kuma abin da ake nema a wurin lamba ɗaya ce tak: kashi nawa cikin 100 na kuɗin sayayya za a zuba wa mai saye a matsayin maki. Idan aka rubuta 2, wanda ya yi sayayyar 500 zai tashi da maki 10. Daga nan aikin ya koma kan kanta. Mai karɓar kuɗi zai yi wa abokin ciniki rajista da sunansa da lambar wayarsa ko adireshin imel, ya haɗa sunan da cinikin kafin a rufe lissafi, makin kuma ya shiga asusun mai saye da kansa. Ranar da mutum yake son cin moriyar abin da ya tara, sai a nemo sunansa, a zaɓi cire maki, a rubuta adadin da yake so a cire, jimillar kuɗin da zai biya ta ragu nan take. Shagon da ya buga katuna masu zanen da na'ura take karantawa zai iya amfani da su wajen gano mai asusu maimakon neman suna. Iyakar saitin ke nan, kuma duk wanda ya iya tura saƙo da waya zai iya kammala shi a zama ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne darajar makin ba ta da ɓoye-ɓoye: maki ɗaya daidai yake da ɗaya na kuɗin da shagon yake ciniki da shi. Wanda yake da maki 40 ya san rangwamen 40 yake da shi, ba sai an yi masa bayani ba, shi ma mai karɓar kuɗi ba sai ya riƙe wani jadawali a kansa ba. Da yawa daga cikin manyan tsare-tsaren lada suna yin akasin haka da gangan, su ba mutum dubban maki a kan ƙaramar sayayya domin lambar ta cika ido, sannan su sa darajar kowane maki ta zama abin da sai an zauna da biro za a gano. Irin wannan dabara tana iya aiki ga kamfanin jirgin sama, amma a shagon da mai saye da mai sayarwa suke ganin juna ido da ido, duk ranar da mutum ya gano cewa tarin makinsa bai kai abin da ya zata ba, ya fi jin haushi fiye da a ce ba a taɓa yi masa alkawarin komai ba. Kamfanin manyan kantuna na Tesco a Birtaniya, wanda ya fito da katinsa na tara maki mai suna Clubcard a 1995, yana tafiyar da shi ne a kan ƙa'ida mai sauƙin faɗa: maki ɗaya a kan kowane fam ɗaya, kowane maki kuma darajarsa fenni ɗaya ce, wato ɗaya cikin ɗari na fam. Loyverse ta bi wannan hanya ta bayyana komai a fili, kuma na yaba mata a kan haka.

To amma lambar nan guda ɗaya da ake rubutawa a saiti ita ce gaba ɗayan maganar, kuma manhajar ba za ta gaya wa kowa ko lambar da ya zaɓa ta yi masa yawa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna kason da kuɗin ciniki, alhali daga riba yake fita. A ɗauka shago yana sarin kaya a kan 80 yana sayarwa a kan 100, wato ribarsa 20 ce kafin a cire haya da albashi da sauran ɗawainiya. Idan mai shagon ya rubuta 5 a saiti, zai ji kamar kashi 5 cikin 100 ba wani abu ba ne, amma abin da ya yi shi ne ya sadaukar da rubu'in ribarsa a kan kowane ciniki na wanda ya yi rajista, domin 20 ta koma 15. Kafin ribar da yake samu daga waɗannan mutane ta dawo inda take a da, sai sun ƙara sayayyarsu da kusan kashi 33 cikin 100. Idan 2 ya rubuta, ribar za ta koma 18, ƙarin cinikin da ake buƙata kuma ya sauko zuwa kusan kashi 11. Idan 1 ce, abin da ake buƙata bai wuce kashi 5 da 'yan kai ba. Shi kuwa shagon da ribarsa take kai 60 a cikin kowane 100, ko da ya ba da 5, ƙarin cinikin kusan kashi 9 ya ishe shi ya mayar da abin da ya bayar. Wannan ne ya sa kwaikwayon kason wani shago ba tare da sanin ribarsa ba yake da haɗari ƙwarai.

Akwai kuma wani ɓangare na lissafin da ya fi wannan ɗaci. Waɗanda suke fara yin rajista a kowane tsarin lada su ne waɗanda dama suke zuwa kullum, domin su ne suka fi ganin amfaninsa. Wato kaso mai yawa na makin da za a raba a farkon lamari zai tafi ne a kan cinikin da ko babu maki sai an yi shi. Ba na ganin wannan a matsayin hujjar ƙin kunna tsarin, domin riƙe tsohon abokin ciniki shi ma aiki ne, kuma wanda yake da maki a ajiye a wani wuri yakan yi tunani sau biyu kafin ya sauya sheƙa. Amma ya kamata mai shago ya shiga da sanin cewa a watannin farko kashe kuɗi yake yi, kuma hanyar da zai gane ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu ita ce ya kwatanta yawan zuwan mutum da jimillar sayayyarsa kafin rajista da bayanta, ba ya tsaya yana murnar yawan sunayen da suka taru a jerin ba. A nan manhajar tana taimakawa sosai, domin a shafin kowane abokin ciniki ana ganin yawan zuwansa, da ranar zuwansa na ƙarshe, da jimillar abin da ya kashe, da tarihin rasitansa.

Inda tsarin ya gaza, a ra'ayina, shi ne kason nan ɗaya ne ga dukan kayan shago. Kusan babu shagon da ribar kayansa take daidai da juna. Akwai kayan da ake sayarwa da riba ƙanƙanuwa domin kawai su jawo mutane, akwai kuma waɗanda su ne suke ɗauke da shagon. Idan kaso ɗaya ya hau kan kowa, wanda yake sayen kayan da ba su da riba kaɗai zai iya tara makin da ya cinye ɗan abin da aka samu a kansa. Mafita ita ce a zaɓi kason bisa kayan da ribarsu ta fi ƙanƙanta a cikin waɗanda aka fi saye, ba bisa matsakaicin ribar shago ba, ko da hakan zai sa lambar ta zama ƙarama. Idan aka kwatanta da Square Loyalty, tsarin tara maki na wata manhajar ciniki mai suna Square, wanda shi biyan kuɗi ake yi duk wata, za a ga bambancin a fili: a can mai shago yana iya zaɓar a ba da maki bisa yawan zuwa, ko bisa kuɗin da aka kashe, ko bisa wani nau'in kaya, yana iya cire wasu kayan daga lissafi, yana kuma iya kafa matakan lada, wato a ce maki kaza suna ba da rangwame kaza, maki kaza kuma suna ba da kaya kyauta. Sai dai Square yana aiki ne a ƙasashe ƙalilan, irin su Amurka da Kanada da Birtaniya da Ostireliya da Japan, saboda haka ga masu shago da yawa a duniya kwatancen na ilimi ne kawai.

Maganar matakan lada ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce babban abin da tsarin Loyverse bai ginu a kai ba. A tsarin kaso, makin yana ƙaruwa ne a hankali kamar ajiyar kuɗi, babu wani buri da mai saye yake hange a gabansa. Binciken halayyar masu saye kuwa ya nuna cewa buri yana da tasiri. A wani nazari da Joseph Nunes da Xavier Drèze suka wallafa a 2006, an raba wa masu zuwa wani wurin wankin mota katuna iri biyu. Kati na farko yana buƙatar hatimi 8 kafin a sami wanki kyauta, na biyu kuma yana buƙatar 10, amma an riga an buga masa 2 tun ranar da aka ba da shi. Aikin da ke gaban kowa ɗaya ne, wanki 8, amma kashi 34 cikin 100 na masu kati na biyu ne suka cika nasu, yayin da kashi 19 kacal na masu kati na farko suka cika. Mutum ya fi ƙwazo wajen ƙarasa abin da yake ganin ya riga ya fara.

Mai amfani da Loyverse zai iya cin gajiyar wannan darasi da hannunsa, duk da cewa manhajar ba ta tsara masa shi ba. Ana iya gyara adadin makin mutum daga shafin gudanarwa, saboda haka babu abin da zai hana a zuba wa sabon mai rajista 'yan maki na maraba. Haka kuma shago zai iya kafa ƙa'idarsa ta cewa ba a cire maki sai sun kai wani adadi, a rubuta ta a manna inda kowa zai gani, domin a samar da burin da za a riƙa hange. Amma ya kamata a sani cewa irin wannan ƙa'ida a wuyan ma'aikata take, kuma idan wani mai karɓar kuɗi yana bin ta wani yana sassautawa, abokan ciniki za su gane da wuri, ƙa'idar kuma ta zama sanadin gardama a wurin biyan kuɗi. Ni dai na fi son adadin ya zama wanda mai zuwa a kai a kai zai iya cimmawa cikin 'yan makonni, domin ladan da sai an shekara ana jira, mutane mantawa suke yi da shi.

Wani abin da sauƙin manhajar yake ɓoyewa shi ne cewa kowane maki da aka zuba bashi ne a kan shago. An karɓi cikakken kuɗi yau, an yi alkawarin rangwame gobe, kuma goben za ta zo. Manyan kamfanoni ba su da zaɓi a wannan batu, domin ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, ta wajabta musu ware wani ɓangare na kuɗin ciniki a matsayin nauyin da ke kansu har sai an yi amfani da makin ko wa'adinsa ya ƙare. Ƙaramin shago ba lallai ne doka ta tilasta masa haka ba, amma hikimar ta shafe shi. Loyverse tana ba da damar fitar da jerin abokan ciniki zuwa fayil ɗin jadawali tare da makin kowa, kuma tun da maki ɗaya kuɗi ɗaya ne, tara wannan layi kawai zai nuna wa mai shago nawa ake bin sa. Ya dace a yi wannan duk ƙarshen wata, a rubuta jimillar kusa da sauran basussuka. Gaskiya ne cewa wasu mutane ba za su taɓa dawowa su cire makinsu ba, kuma wannan yana rage nauyin, amma tsarin da ribarsa ta dogara a kan mantuwar abokan ciniki ya riga ya kauce daga dalilin kafa shi.

A kan kanta kuwa, nasarar tsarin ta ta'allaƙa ne a kan 'yan daƙiƙoƙin da mai karɓar kuɗi yake ɗauka yana tambayar mai saye ko yana da asusu. Idan layi ya yi tsawo, tambayar ce take fara faɗuwa, cinikin ya wuce ba tare da suna ba, mai saye kuma ya dawo daga baya yana neman makinsa. Ya fi kyau shago ya tsayar da abu ɗaya da ake neman mutum da shi, kuma lambar waya ta fi suna, domin sunaye suna maimaituwa, rubutunsu ma yana bambanta daga hannu zuwa hannu, har mutum ɗaya ya wayi gari da asusu biyu da maki a rarrabe. Manhajar tana ci gaba da karɓar ciniki idan intanet ta yanke, wanda abin yabo ne, amma rajistar sabon abokin ciniki da mayar da kuɗin kaya suna cikin ayyukan da suke jiran dawowar intanet, don haka shagon da layinsa ba shi da tabbas yana buƙatar ɗan littafin da zai riƙa rubuta sunayen da za a shigar daga baya. Kafin a sanar da jama'a, ya kamata a buɗe asusun gwaji a bi da shi ta kowace hanya: sayayya ta yau da kullum, sayayyar kayan da dama an yi musu rangwame, cire maki, da dawo da kaya bayan an ba da maki a kansu, a duba abin da ya faru da asusun a kowane mataki.

Dole ne kuma a faɗi wata magana da masu shago ba su cika son ji ba. A duk tsarin maki, ba na Loyverse kaɗai ba, hanya mafi sauƙi ta cuta ita ce ma'aikaci ya buɗe asusu da sunan wani nasa, ya riƙa haɗa shi da cinikin mutanen da ba su yi rajista ba, makin yana taruwa shiru. Ba a gane wannan da kallon jimillar ciniki, domin kuɗin aljihun teburi yana cika daidai. Ana gane shi ne idan aka duba asusun da suka fi kowa yawan zuwa, aka ga wanda yake sayayya sau da yawa a rana guda, kullum a lokacin aikin mutum ɗaya. A nan ne sashen kula da ma'aikata, wanda ake biya, yake nuna amfaninsa, domin yana ba kowane ma'aikaci lambar sirrinsa, yana kuma ba mai shago damar iyakance abin da kowa zai iya taɓawa. Shagon da mai shi ne kaɗai yake tsayawa a kanta ba ya buƙatarsa, amma wanda yake da ma'aikata biyu ko fiye ya kamata ya sa kuɗin wannan sashe cikin lissafin tsarin tun farko.

Bayanan da ake tarawa su ma amana ce. Abin da ya ɗaukaka Clubcard ba rangwamen ba ne kaɗai, har da sanin da Tesco ya samu, tare da kamfanin nazarin bayanai na dunnhumby, na wane ne yake sayen me kuma yaushe. Ƙaramin shago ma yana samun irin wannan sani daidai girmansa, kuma amfani mafi kyau da za a yi da shi shi ne lura da wanda ya saba zuwa ya daina. Amma wanda ya ba da lambar wayarsa domin maki bai ba da ita domin a cika shi da talla ba, sai an nemi izininsa daban. A Tarayyar Turai dokar kare bayanan mutane mai suna GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta tsaurara wannan batu, ƙasashe da dama kuma suna da nasu dokokin kare bayanai da mai shago ya kamata ya bincika kafin ya fara tara lambobi.

Sauya kason bayan an fara abu ne na daƙiƙa kaɗan a shafin saiti, amma a wurin jama'a ba haka yake ba. A 2016 kamfanin shagunan kofi na Starbucks ya sauya tsarin makinsa, da yake kira taurari, daga tauraro ɗaya a kowane ciniki, inda taurari 12 suke ba da lada, zuwa taurari 2 a kan kowace dala, inda sai an tara 125. Kamfanin yana da hujjarsa, domin wasu suna rarraba sayayya ɗaya zuwa kashi-kashi don su ƙara taurari, abin da yake jawo tsawon layi. Duk da haka masu ƙananan sayayya sun yi ta ƙorafi, tun da a tsarin na 2016 sai sun kashe fiye da dala 62 kafin su sami abin da a da zuwa 12 yake ba su. Idan kamfani mai wannan girma ya sha suka a kan gyaran da yake da dalili, ƙaramin shago ya fi buƙatar taka-tsantsan. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara da kaso ƙarami, 1 ko 2 ga shagon da ribarsa ba ta da kauri, a bar shi ya yi watanni ana kallon jimillar makin da ke ajiye da yawan dawowar masu rajista, sannan a ƙara idan lissafi ya ba da dama. Idan kuma tilas ta sa sai an rage, a sanar da ranar da sabon kason zai fara tun da sauran lokaci, a rubuta a wurin biyan kuɗi da kuma ƙasan rasit, kuma kada a taɓa makin da mutane suka riga suka tara a ƙarƙashin tsohon alkawari.